Wankin Rago Ma Sana'a Ce

A Amurka da ƙasashen Turai akwai shagunan da ba su da wani aiki sai wanke karnuka, a yanke musu farce, a rage musu gashi, mai kare ya biya ya yi godiya. Yanzu har Legas da Abuja an buɗe irinsu. Duk wanda ya kafa irin wannan shago a El Alasan Mai Rairai, cikin gundumar Mayahi ta Nijar, zai wuni yana korar ƙuda. Karen ƙauye na gadi ne da farauta da bin garke, iyakar gatansa mai shi ya cire masa kaska. Amma dabbar da ake biyan kuɗi a yi mata kwalliya akwai ta a kowane gida, a turke, tana jiran Babbar Sallah. Rago ke nan. Masu gyara shi kuwa sun san abin da yawancinmu masu cin naman ba mu sani ba.

Rabin aikin yana kan irin ragon. Tumakin wannan yanki masu gajeren gashi ne, ba a yi musu aski, saboda haka babu inda datti ko aibi zai ɓuya. Uda, mai baƙi ko ja daga kai zuwa tsakiyar jiki, fari daga nan zuwa wutsiya, yana da sauƙi, rabinsa ne kawai yake tona asiri. Balami shi ne jarrabawa. Fari ne fat, dogo, mai lanƙwasasshen hanci da kunnuwa masu reto, shi ne abin alfaharin masu kiwo na ƙasar Maraɗi. Wata uku ko huɗu yana kwance a turke yana cin dusa da harawa da 'ya'yan gawo, ƙirjinsa da gwiwoyinsa sun rine da fitsari da kashi. Ƙibar tana nan, sai dai mai saye ba zai tsaya ya lalubo ta ba idan ragon kusa da shi yana ƙyalli.

Gwani ba ya fara da ruwa. Da hannu yake farawa. Zai kama ragon ta haɓa, ya jingina shi da gwiwarsa, ya bi shi da tafi tun daga bayan kunne har gindin wutsiya, yana shafa gashin ta baibai. Yana neman kaska a wuraren da take so: cikin kunne, ƙarƙashin wutsiya, tsakanin kofato, wajen maraina. In ya same ta, daf da fata yake kama ta ya ja a hankali, don in kan ya katse ya zauna ciki, wurin zai yi ƙurji. Ba ya murtsuke ta da yatsa, kuma yana da gaskiya, domin akwai irin kaskar da take ɗauke da zazzaɓi mai sa zubar jini wanda yake kama mutum. In ya ga gashi yana zuba, fata ta yi kauri da ɓawo, ya san ƙazuwa ce, kuma sabulu ba ya maganinta. Nan ne za ka ji ya ce wa mai ragon, “Inna, wannan ba na wanka ba ne, a kai shi wurin malamin dabbobi tukuna.” Ya ƙi kuɗin yau ke nan, ya sayi amincin gidan na shekaru.

Wankan kansa sai rana ta ɗaga ake yi, ba da yamma ba, kada ragon ya kwana da jiƙaƙƙen jiki ya tashi da tari. Daga ƙafafu ake soma zuba ruwa, don kada ya firgita, sannan a hau. Sabulu da soso, a cuɗa ƙirji da gwiwa sosai, a ɗauraye har sai ruwan ya fito garau, domin sabulun da ya bushe a jiki ƙaiƙayi yake sawa, ragon ya yi ta goga jikinsa da garu har ya koje. Kai ne na ƙarshe, kuma da jiƙaƙƙen tsumma ake goge shi, a naɗe kunnen a hannu kada ruwa ya shiga. A nan ba bakin kogin Kwara ba ne, inda samarin Yamai suke tura raguna cikin ruwa su yi ta watsawa. A ƙasar rairayi kowace jarka daga rijiya ko famfo aka ɗauko ta, wani lokaci da jaki. Ni a wurina babu abin da ya fi nuna gwani kamar yadda yake fitar da farin rago da ruwa kaɗan, yana zubawa da ƙoƙo ba da bokiti ba.

Sai kuma shanya, wadda sabon shiga yake rainawa. Jiƙaƙƙen rago in ya sami sarari kwanciya zai yi a ƙasa, aikin ya koma baya. Gajeren ɗauri ake masa a sharerren wuri, a tsaya kansa har ya bushe.

Kofato ne wurin da ake zubar da jini in hannu bai iya ba. Ragon da yake bin garke ƙasa tana cinye masa kofato, amma na turke nasa tsawo yake yi, ya naɗe ta ƙasa, datti ya maƙale, tafiya ta gurɓace. Da wuƙa mai kaifi ake fere shi, siriri-siriri, a tsaya da zarar an fara ganin ja-ja. Wannan ba ado ba ne kawai. Dabbar da gurguntarta ta bayyana ba ta yin layya, kamar yadda mai ido ɗaya da mara lafiya da ramammiya ba sa yi. Wanda ya zarce da wuƙa saura kwana uku Sallah ya sa rago ɗingishi, ya jawo wa mai shi asarar da kuɗin wanka ba zai rufe ba. Ƙaho kuma a goge shi, a shafa masa ɗan man gyaɗa.

Akwai inda gyara yake ƙarewa, algus ya fara. Wasu suna ɗura wa rago kanwa ko gishiri ya sha ruwa cikinsa ya cika, ya shiga kasuwa kamar mai ƙiba. Dillalin da ya san aikinsa a Tasawa ko Mayahi ba ciki yake dubawa ba: gadon baya yake matsawa, ya taɓa gindin wutsiya, ya buɗe leɓe ya ƙirga manyan haƙora ya san shekaru. Wanda ya fi wannan muni shi ne fesa wa dabba maganin ƙwarin gona don kashe ƙwarƙwata, ko yi mata allurar ƙazuwa gab da yanka, alhali irin wannan allura sai an jira makonni kafin a ci naman. Mai wankin kirki yakan tambayi ranar da aka yi allura.

Jarin farawa bai taka kara ya karya ba: bokiti, jarka, soso, sabulu, wuƙa, igiya. Abin da ba a saye shi ne iya kama rago mai ƙaho ba tare da ya tunkuyi mutum ko ya karya ƙafa ba, kuma wannan a bayan wani ake koyonsa. Masu kira kuwa yawancinsu mata ne, domin turka sana'arsu ce. Tun da ƙungiyar CARE ta soma asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, mata da yawa da bashin asusu suke sayen ɗan rago su kiwata. Bayansu sai dillalai da fatake masu haɗa garke zuwa Mai'aduwa da Maigatari da Jibiya, ko da yake wannan hanya takan toshe, kamar yadda gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi gab da Sallar 2025.

Kakar gajeriya ce, makonni biyu ko uku kafin Sallah, kuma tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Yanzu tana faɗawa cikin zafin bazara, lokacin da rago yake bushewa nan da nan amma ruwa yake tsada. Sauran watanni mai sana'ar yana rayuwa da ragunan suna, da yankan kofaton awaki, da wanke dokin mai gari. Mafarauci ma yakan kawo karensa in kaska ta cika masa kunne.