Karin Soyayya A Bakin Masu Ibada: Daga Jibiya Zuwa Jamus

Mai karatu, muna zaune a Magama ta Jibiya muna jiran mota ta cika mu tsallaka Maraɗi, sai yaron mota ya kunna wani begen bandiri a wayarsa. Baitocin na yabon Manzon Allah (SAW) ne, amma karin na wani fim ɗin Indiya ne. Nan fa musu ya kaure. Wani dattijo ya ce, "Kai yaro, kashe mana! Karin da aka taka rawar soyayya da shi ne za a kai wa yabo?" Yaron ya ce, "Haba Baba, ai baitocin ake saurare."

Hukuncin halacci dai na malamai ne. Ni abin da ya faɗo mini a rai shi ne Johann Sebastian Bach, makaɗin Jamus da ya rasu a 1750, gwanin irin waƙar cocin nan da ake kira koral.

Koral ba ta da jagora da 'yan amshi irin na Shata. Muryoyi huɗu ne ke tafiya tare, gaɓa da gaɓa: siririya a sama riƙe da kari, biyu a tsakiya, kakkaura a ƙasa kamar tubalin gini. A ƙarshen kowane ɗango sai a ɗan tsaya a numfasa. Ba rangaji, ba gwaninta.

To ga inda zancen ya haɗu. Wani kari da Bach ya maimaita har sau biyar a babban aikinsa na 1727 a Leipzig, kan labarin wahalar Almasihu bisa aƙidar Kirista, asalinsa waƙar soyayya ce da Hans Leo Hassler ya fitar a 1601. Saurayi ne ke kukan budurwa! Amma da ka ji na Bach ba za ka tuna da wata budurwa ba. A karo na biyar, wajen makoki, karin sama yana nan yadda aka san shi, sai ya sa muryoyin ƙasa suna zamewa kaɗan-kaɗan kamar mai tafiya a duhu, ya kuma ƙare waƙar a rataye, kunne na jiran saukar da ba ta zo ba. Wallahi ko ba ka jin Jamusanci sai jikinka ya yi sanyi.

Wannan aikin ne sha'irinmu na Jibiya bai yi ba. Muryarsa garau, baitocinsa ba laifi, amma ya ɗauko karin da saurinsa da lanƙwasarsa yadda jarumar fim ta bar shi, ya canza kalmomi kawai. Dole kunnen dattijo ya jiyo rawa. Haka 'yan sitidiyonmu ke yi mana a finafinai: an yi mutuwa a gida, uwa na kuka, fiyano na can tana buga abin da ta buga a lambu.

Mun wuce Ɗan Isa dattijon bai daina mita ba, yaron kuma ya rage sauti ne kawai.