A-kori-kura ba motar tsere ba ce

Wani yayi ya kama masu a-kori-kura a Amurka, har ya cika YouTube da TikTok. Mutum zai samo tsohuwar Chevrolet C10 ko Silverado, a farke injinta, a cusa mata ƙaton kamshaf, sannan a tayar da ita a ja gefe ana ɗaukar bidiyo. Tana tsaye a silo tana karkarwa, salansa na ɓaɓatu a tsintsinke, yanzu ka ce za ta mutu, yanzu ta farfaɗo. Wannan sautin ake nema. Daga nan sai cika baki da lamba: doki 500, doki 700. Ni dai abin bai burge ni ba, duk da cewa ban raina gwanintar kanikawan da ke yin sa ba.

Injin da ake yi wa wannan aiki ba baƙo ba ne. A 1955 kamfanin Chevrolet, ƙarƙashin injiniya Ed Cole, ya fito da ƙaramin bulok mai silinda takwas, lita 4.3. A 1967 aka samu mai lita 5.7, wanda kowa ke kira 350, kuma zuwa 2011 General Motors ya ƙera injin wannan zuri'a na miliyan 100. Sabon zubi mai suna LS ya fara ne a Corvette ta 1997, daga 1999 kuma ya shiga motocin ɗaukar kaya da lita 4.8 da 5.3 da 6.0, akasarinsu da bulok na baƙin ƙarfe. Motocin suka tsufa, wasu suka yi hatsari, injunansu suka cika filayen 'yan gwangwan. Yadda namu direbobin ke zuwa Ƙofar Ruwa ko Panteka neman injin Beljiyam, haka matashin Texas ke zuwa ya ciro 5.3 da kuɗi ƙalilan.

A ba yayin haƙƙinsa. Ya ba mai ƙaramin ƙarfi abin da a da sai mai hannu da shuni. A 2011 mujallar Hot Rod ta ɗauki irin wannan tsohon injin, ta gyara samansa, ta sa masa turbo biyu, ta bar masa fistocinsa da karanshaf ɗinsa na kamfani, aka yi ta ƙara masa iska don a ga inda zai tarwatse. Ya haura doki 1,000 bai fashe ba. Da aka duba da kyau ma ashe 4.8 ne, ƙaramin cikinsu. Tun daga nan kowa ya yarda cewa kusoshi shida da ke riƙe kowane mazaunin karanshaf a LS ba ado ba ne.

Sai dai a kan na'urar awo aka yi wannan gwaji, a ɗaki, ana taka totur na 'yan daƙiƙoƙi a saki. Ba a ɗaura masa tirelar shanu an hau tudun Colorado da rana tsaka ba. A nan ne nake ganin jama'a suka ɓata hanya.

Ƙarfin doki lissafi ne: ƙarfin murɗa da injin ke bayarwa, a ninka shi da saurin juyawarsa. Hanya mafi sauƙi ta samun babbar lamba ita ce a sa injin ya yi numfashi sosai a can sama, wajen juyi 6,000 a minti. Aikin ƙaton kamshaf ke nan. Yana barin bawul a buɗe ya daɗe, har na shiga da na fita su jima a buɗe tare. A sama abin na da amfani. A ƙasa kuwa, wajen juyi 1,500 zuwa 2,500, inda motar da ta haura tan biyu ke tashi daga tsaye da kaya a bayanta, wani ɓangaren iska da fetur komawa yake ko ya bi salansa. Karkarwar nan da ake tafa wa alama ce ta injin da ba ya ƙona mansa daidai. An karɓi dokin sukuwa an ba da san noma, alhali gona ce a gaban mutum.

Kuma ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Zuƙar iskar da ke taimaka wa birki ta ragu, sai feda ta yi tauri. Don motar ta iya tashi, dole a canza kwanbata na giya zuwa mai santsi da yawa, shi kuma ya dafa man giyar. Giyar 4L60E da ke cikin yawancin motocin nan dama an san ta da raki, ita ce ke fara sallamawa. Ga lagireto, ga aksul, ga birkin da aka auna wa rabin wannan ƙarfi. Har manifol ɗin kamfani, dogon nan mummuna, wasu ke cirewa don ya ɓata musu hoto, alhali tsawon bututunsa ne ke ba motar ƙarfin ja tun daga ƙasa.

Tsofaffin kanikawa sun fi mu sanin abin da suke yi. Dubi 383: a ɗauki bulok na 350, a ɗan faɗaɗa silinda, a sa karanshaf irin na 400 mai tafiyar inci 3.75 a maimakon 3.48. Injin ya koma lita 6.3, kamshaf matsakaici, a ɗora masa kawunan Vortec na 1996 waɗanda daga motar kaya suka fito. Ba ya ihu, lambarsa ba ta tara jama'a a baje kolin SEMA na Las Vegas, amma ka ɗora masa kaya ka ga aiki. Chevrolet da kansa yana sayar da irinsa a akwati, HT383, domin motocin ja.

Wanda ya gina C10 don tseren kwata mil ko don baje koli a LS Fest ta Bowling Green, ba ni da ja da shi, kuɗinsa ne kuma ya san abin da ya saya. Da mai motar aiki nake, wanda bidiyo ya ruɗa. Kafin ka biya kuɗin kamshaf, ka ce wa bakanike ya nuna maka takardar awo, ka bar lambar da ke can ƙololuwa, ka duba abin da injin ke bayarwa a juyi 2,500. In ya gaza na kamfani, maida kuɗinka aljihu, ka sai wa motar na'urar sanyaya man giya da birki mai kyau.