Ɗaya Naka, Ɗaya Nawa: Yadda Kaka Ke Koyar da Ƙirga a Tsakar Gida

Kayan aikin ba su da yawa. Tabarma, faifai ɗaya, da gwangwanin madara cike da ƙwallayen dabino da aka wanke aka shanya. In babu dabino, tsakuwa ta wadatar, ko murafen kwalba. Sai 'yar soyayyar gyaɗa da ke ƙulle a bakin zane, wadda ba a kwance ta sai can ƙarshe. Da waɗannan kaɗai tsohuwar da ta san aikinta take ɗaukar yaro ɗan shekara uku ko huɗu, wanda bai san bambancin biyu da biyar ba, ta kai shi inda zai raba abu tsakanin mutum huɗu ba a yi kuka ba. Yaran wasa suka ɗauki abin, ita ma ba ta taɓa kiransa darasi. Amma wanda ya zauna ya zuba wa hannunta ido zai ga aiki ne hawa-hawa, kuma ba ta tsallake ko guda.

Tun daga zaɓen kaya gwanintar ke farawa. Ƙwallon dabino ba ya gangarawa ya ɓace a ƙarƙashin tabarma, girmansa kusan ɗaya ne da na 'yan uwansa, kuma ba ya ciwuwa, don haka lissafi ba zai ragu a tsakiyar aiki ba. In akwai mai rarrafe a kusa, wanda komai ya samu baki yake kaiwa, sai ta mayar da gwangwanin ɗaki ta ɗauko ƙwallon goriba ko na mangwaro, abin da ba zai haɗiyu ba.

Hawa na farko shi ne haɗa baki da yatsa. Yara da yawa sun iya rera ɗaya, biyu, uku har goma tun ba su san me ake nufi ba, domin sun ji a bakin yayyensu. Ka zuba wa irin wannan yaron ƙwallo biyar, za ka ga bakinsa ya kai takwas yatsansa na kan na uku. Kaka takan jera guda uku kacal. Ta kama manuninsa, ta ɗora a kan na farko, su ce “ɗaya” tare, sannan ta sa ya jawo shi gabansa. Wannan jawowar ita ce sirrin. Abin da aka ƙirga ya koma gefe, wanda ba a ƙirga ba yana nan inda yake, saboda haka ba za a maimaita wani ba, ba za a tsallake wani ba. Takan daɗe a kan uku. Mai gaggawa zai ce ɓata lokaci ne, ita kuwa ba ta ƙara na huɗu sai ta ga yatsan ya daina jiran hannunta.

Da ya iya taɓa biyar daidai, sai ta kife faifai a kansu ta dube shi. “To, angona, nawa ne a ƙarƙashi?” Haka kakanni mata ke kiran jikokinsu maza, matan kuma su zama kishiyoyi, kuma wannan wasan da ke tsakanin kaka da jika yana da amfani a nan: yaro ba ya tsoron yin kuskure a gabanta kamar yadda yake nauyin mahaifinsa. Wanda abin bai zauna masa ba zai kai hannu ya ɗaga faifan ya sake ƙirgawa daga ɗaya, domin a wurinsa “nawa” umarni ne na a rera lambobi. Wanda ya gane zai ce “biyar” kai tsaye. Ya fahimci cewa lambar da aka tsaya a kanta ita ce adadin tulin gaba ɗaya. Wasu mutum biyu masu nazarin tunanin yara a Amurka, Rochel Gelman da Charles Gallistel, sun fitar da littafi a 1978 inda suka lissafa ƙa'idoji biyar da ƙirga ta gaskiya ke tsaye a kansu: kowane abu lamba ɗaya, lambobin su zo a jere ɗaya kullum, ta ƙarshe ta zama jimla, kowane irin abu yana ƙirguwa, kuma ko ta wane gefe aka fara adadin ba ya canzawa. Kaka ba ta karanta shi ba, amma duk biyar ɗin suna kan tabarmarta. Yau ta sa a fara daga dama, gobe daga hagu. Jibi ta ce a ƙirga mata takalman da ke bakin ƙofa, ko kajin da suka shiga akurki.

Akwai wani gwaji da take yi wanda ke burge ni ƙwarai. Ta jera shida a gabanta, shida a gaban yaron, ya yarda daidai suke. Sai ta baza nata layin ya yi tsawo, ta ce, “Yanzu wa ya fi yawa?” Kusan kowane ɗan shekara huɗu zai nuna nata, wani har da ɓata rai. Jean Piaget, masanin ƙasar Suwizalan, ya yi suna da irin wannan gwaji, ya nuna cewa ƙananan yara ido suke bi, sai wajen shekara shida ko bakwai suke tabbatar da cewa baza abu ba ya ƙara shi. Kaka ba ta musu da yaron. Cewa take yi, “Bari kowa ya kama abokinsa.” Ta tura ƙwallo ɗaya nata ya tsaya gaban ɗaya nasa, haka har ƙarshe. Babu wanda ya rasa aboki. Sai ta sake bazawa, ta sake tambaya, ta bar shi ya haɗa su da kansa.

Biyar zango ce, domin hannu ɗaya ne. Daga nan takan koya masa kasawa, wato tara abu kashi-kashi, biyar a nan, biyar a can. Wannan tsohuwar hanya ce a ƙasar Hausa. Lokacin da wuri ne kuɗin kasuwa, biyar-biyar ake jan sa da yatsu, kuma Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya sauka Tasawa a 1851 kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, ya ga yadda gwanaye ke ƙirga shi haka suna tara tuli na 200 da na 1,000. Har yau yaron Maraɗi ko Damagaram da dala yake sanin kuɗi, dala kuwa tamma 5 ce ta sefa, don haka abin da aka rubuta 100 shi dala ashirin yake ce masa. Kashi biyu na biyar sun ba da goma. Daga goma sha ɗaya zuwa goma sha tara hanya a miƙe take. A ashirin ne yaro ke tuntuɓe, domin ba ya jin goma a cikinta, sai Kaka ta ajiye masa tulin goma guda biyu ya gani da idonsa.

Duk wannan shimfiɗa ce. Ainihin aikin yana zuwa ne sa'ad da aka kwance bakin zane.

Ba ta rabo da yaro ɗaya. Takan jira sai an taru, 'yan ɗaki da 'ya'yan kishiya da ɗan maƙwabta da ya shigo wasa. Kafin a taɓa gyaɗa sai an ƙirga kawuna, kuma a nan take saka tambayar da ta fi kowace nauyi: “Mu nawa ne?” Yaro zai ƙirga waɗanda ke zaune ya ce uku. Ta ce, “Yayarku da na aika ɗebo ruwa fa, ita ba ta da baki?” Sai a ajiye murfin kwano a gurbinta, a zuba mata nata a kai. Yaron da aka saba masa da haka yakan fara tuna wanda ba ya nan tun ba a tuna masa ba.

Sannan ta zuba goma sha biyu a faifai ta miƙa wa ɗaya daga cikinsu. Da hannun dama zai ɗauka, daga dama zai fara, ɗaya-ɗaya yana zagayawa: ɗaya naka, ɗaya naki, ɗaya na Yaya, ɗaya nawa. Ya sake zagayowa, har faifai ya zama wayam. Kowa ya ƙirga nasa, uku-uku. Abin da za a rubuta masa a allo a firamare da alamar rabawa, ga shi ya yi shi da hannunsa shekaru kafin lokacin.

Da gangan take canza adadin. Wata rana goma sha huɗu za ta zuba wa mutum huɗu. An zagaya sau uku, biyu sun yi saura, hannun mai rabo ya tsaya a sama. A nan gwanar takan yi shiru, kuma shirun nan aiki ne, domin mai ƙaramin haƙuri da tuni ya warware musu. Wani zai ce a ba Auta. Wani ya ce a ba Kaka. Can sai wata ta murza ƙwaya ɗaya tsakanin yatsunta, ɓawon ya fita, gyaɗar ta rabe biyu kamar yadda Allah ya halicce ta. Biyu sun zama ɓari huɗu, kowa ya sami uku da rabi. Don wannan ne ta zaɓi gyaɗa ba alewa ba. In kuwa guda ɗaya ce ta rage, to lissafi ya kai iyakarsa, sai al'adar gida ta karɓa: na baƙo ne, in babu baƙo na ƙarami.

Wani lokaci sallama ake yi ana tsakiyar rabo. Mutum uku sun riga sun sami huɗu-huɗu, ga abokinsu ya shigo. Kaka ba ta ƙaro gyaɗa ko da akwai saura a zanenta. “Ga ɗan uwanku ya zo, yaya za a yi?” Za a ɗan yi jim, kowa ya dafe nasa. Daga baya ɗaya ya tura ƙwaya guda, na biyu ya bi, na uku ya bi. Sai su duba su ga baƙon yana da uku, su ma uku-uku. Mamakin da ke fuskarsu na gaske ne: kowa ɗaya tak ya rasa, amma ta ishi mutum guda cikakken kaso.

Inda abin ba ya ƙirguwa da ƙwaya, kamar rake ko tsokar nama, doka ɗaya take kafawa: wanda ya raba shi ne zai ɗauka a ƙarshe. Ba a buƙatar wa'azi bayan wannan. Yaron da ya san ragowar ce tasa zai auna gaɓoɓin raken nan da kyau, har ya lura cewa gindi ya fi kai zaƙi, don haka gaɓa biyu ta sama ba ta kai biyu ta ƙasa ba. Ita ma tana riƙe da dokar a kanta. Ba ta fifita ɗan ɗanta a kan ɗan 'yarta ko da ƙwaya ɗaya, kuma in an tambaye ta za ta kawo hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida, ya yi umarni da a yi adalci tsakanin 'ya'ya.

Ana samun mai ɓoye ɗaya a tafin hannu. Ba ta kiransa ɓarawo a gaban 'yan uwansa. Cewa take yi, “Da goma sha biyu muka fara, a haɗa a ƙirga mu gani.” An ƙirga, sha ɗaya. “To, kowa ya duba ƙarƙashin ƙafarsa, wataƙila ta faɗi.” Ƙwayar takan fito, kuma yaron ya koyi cewa adadi ba ya ɓata sai in wani wuri ya tafi.

Daga shekara biyar zuwa shida, wasanni ke karɓar aikin daga hannunta. 'Yan mata na carafke, ana jefa tsakuwa sama a kwashi na ƙasa ɗaya-ɗaya, sannan bibbiyu, sannan uku-uku, kafin a cafe ta. Ga kuma dara ta gurabe 12, shida a kowane gefe, da ƙwaya huɗu a kowane gurbi, 48 ke nan. Dokokinta sun bambanta daga gari zuwa gari, amma ko'ina sai ka kwashi na gurbi ɗaya ka bi sauran kana ajiye ɗaya-ɗaya. Sabon shiga yakan kwasa ya zuba ya ga abin da zai faru. Bayan 'yan watanni za ka gan shi ya tsaya, leɓensa na motsi, idonsa na tsallaka gurabe, yana lissafin inda ƙwayarsa ta ƙarshe za ta sauka kafin ya taɓa komai. A nan kuma yake koyon jiran layinsa, da yadda ake shan kaye a sake zama da wanda ya ci ka.

Ana iya raba yara da ƙiriniya ta hanya mai sauƙi: a miƙa musu waya, ko a ce su fita waje su ba mutane wuri. Ana kuma iya sa yaro ya haddace ɗaya zuwa ɗari da Turanci, a kira shi ya rera wa baƙi. Wannan ba ya cin minti biyar na babba. Aikin Kaka yana cin la'asar bayan la'asar, da ciwon baya, da maimaita tambaya guda har sai amsar ta fito daga bakin yaron da kansa. Malaman aji ɗaya sun san bambancin yaran nan biyu tun makon farko.

Hawa na ƙarshe shi ne aike. Ba ta tura shi shi kaɗai ranar farko, takan haɗa shi da yayarsa, amma a hannunsa take danƙa kuɗin. Kafin su fita sai ta tsayar da shi a bakin zaure. “Naira 200 ce wannan, abin da za ka sayo na 150 ne. Nawa mai kanti zai ba ka?” In ya yi shiru, ta kasa masa tsakuwa huɗu, kowace a matsayin hamsin, ta janye uku. Ta kuma ja kunnen yayar cewa kada ta amsa masa a gaban mai kanti sai in ya nemi taimako. In sun dawo, shi zai fara gaisuwa, ya ajiye saƙon, ya ƙirga canjin a tafin hannunta da ƙarfi. Mako mai zuwa kuɗin zai zama 500, saƙon kuma kala biyu.