Tímíng: ɗaga suna ba naɗi ba ne

A cikin Sinanci, kalmar tímíng (提名) haruffa biyu ce. Na farko, tí, yana nufin ɗaga abu da hannu, kamar yadda ake ɗaukar guga, daga nan kuma ya sami ma'anar ambato ko gabatarwa. Na biyu, míng, shi ne suna. Wanda aka yi wa tímíng an ɗaga sunansa ne gaban masu yanke hukunci. Bai riga ya sami komi ba. Da ita ake faɗin fim ya shiga jerin masu neman kyautar Oscar, da ita kuma ake tsai da ɗan takara.

Matsalar tana tasowa ne idan kalmar ta ratso ta Faransanci, wanda shi ne hanyar da galibin malamai da masu fassara a Nijar suke bi. A Faransanci, nomination ita ce abin da taron majalisar ministoci ke sanarwa: an naɗa wane gwamna, magana ta ƙare. Mai fassarar da ya dogara ga wannan sai ya rubuta “naɗi”, alhali Sinanci yana da wata kalma dabam ta naɗi, wato rènmìng. Tsarin mulkin Sin na 1982 ya raba su sarai: shugaban ƙasa ne ke ɗaga sunan firaminista, majalisar wakilan jama'a ta yanke shawara, sannan a naɗa shi. Ko da a aikace ba a ƙin sunan da aka gabatar, nassin matakai uku ya tsara, kuma fassarar da ta dunƙule su ta yi wa mai karatu ƙwange.

Akwai wata tímíng (题名) mai furuci iri ɗaya amma harafin farko dabam, wadda ke nufin rubuta suna. A zamanin daular Tang, waɗanda suka ci jarrabawar shiga aikin sarki sukan rubuta sunayensu a hasumiyar Dayan ta birnin Chang'an. An soke jarrabawar a 1905, amma har yau ana yi wa ɗalibai fatan ganin sunansu a “allon zinariya”. Wannan ta nasara ce, waccan ta jiran hukunci, kuma kunne kaɗai ba ya bambance su.

Nauyin kalmar ya fito fili a Hong Kong. Sashe na 45 na babbar dokar yankin ya yi alkawarin zaɓen shugaba ta ƙuri'ar kowa da kowa, amma bayan wani kwamiti ya ɗaga sunaye. Ranar 31 ga Agusta 2014 Beijing ta ƙayyade cewa kwamitin mutum 1,200 ne zai fitar da ƴan takara biyu ko uku, kowanne da goyon bayan fiye da rabin mambobinsa. Masu adawa suka nemi gōngmín tímíng, wato talakawa su ɗaga suna da kansu, suka mamaye tituna kwana 79. Ba a kan jefa ƙuri'a aka yi jayayya ba, a kan wanda ke da ikon ambaton suna aka yi ta. Mai karatun da aka ce masa “kwamitin naɗi” ba zai gane dalilin zaɓen ba, balle dalilin fushin. Majalisar dokokin yankin ta yi watsi da shirin a watan Yuni na 2015.