Wuƙaƙen Cikin Gilashi Da Wuƙar Ranar Layya



Tun bayan ƙaramar Sallah wani yaro cikin 'ya'yanmu ya kafa tebur a bakin titi, ya ɗora akwatin gilashi, ya jera wuƙaƙe goma sha biyu a kan jan ƙyalle. A jikin gilashin ya manna takarda mai cewa waɗannan su ne wuƙaƙen da dole duk mai sha'awar wuƙa ya mallaka. Samari suka yi masa caa, har mun ji wasu adashe suke zubawa don su haɗa saitin. Iyaye biyu suka same mu da maganar bayan Isha'i, ɗayansu yana so mu hau mumbari mu ce haramun ne. Muka ce a'a, ba a yanke hukunci a kan abin da ido bai gani ba. Washegari muka tafi wurin tare da wani dattijon mahauci da ya fi shekara talatin yana fawa a Bodija. Yaron ya karɓe mu da ladabi, ya buɗe gilashin, muka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da yi masa adalci. Ajiye wuƙa ko takobi don sha'awa ba laifi ba ne a addini. Manzon Allah (SAW) yana da takubba masu suna, Zulfiƙar ita ce wadda kowa ya sani. A gidaje da yawa a Arewa har yau takobin kaka na rataye a ɗaki, ba a fito da shi sai ranar hawa. Kuma cikin sha biyun nan akwai uku da ba mu da ta cewa a kansu.

Akwai jar wuƙar nan ta Suwizalan mai almakashi da mabuɗin gwangwani, ta kamfanin Victorinox, wanda Karl Elsener ya kafa a 1884, ya fara ƙera wa sojan ƙasarsu wuƙa a 1891. Ga ɗan kasuwa mai kwance ɗaurin kaya kullum, wannan abokiyar aiki ce. Akwai Opinel ta Faransa mai ƙotar itace, wadda aka fara yi tun 1890, tana da wani zobe a wuya da ake murɗawa ya kulle ruwan wuƙar kada ta rufe a kan yatsa. Sai Okapi, wadda mu da muka manyanta muka tashi muka gan ta a aljihun iyayenmu, da ita ake ɓare goro, da ita ake fere rake. Asalinta Jamus ne, a garin Solingen, tun 1902, daga baya aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. In dai na ainihi ne, ukun nan sun ci kuɗinsu. Mun ce in na ainihi ne, domin jabunsu sun fi su yawa a kasuwa, kuma jar da muka gani almakashinta na lilo tun ba a yi aiki da shi ba.

Inda muka daɗe shi ne kan wadda aka sa a tsakiya, aka ce mata ƙarfen Dimashƙa. Kyakkyawa ce, wallahi, ruwanta da zane kamar igiyar ruwa, kuɗinta kuwa ya kai na ɗan akuya. Yaron ya ce irin ƙarfen takubban mutanen da ne. To, a nan sai a yi hattara. Ƙarfen Dimashƙa na tarihi daga ƙasar Indiya ake kawo curinsa, maƙera su ƙera, zanen kuma daga cikin jikin ƙarfen yake fitowa. Wannan sana'a ta daɗe da gushewa. Abin da ake kira da sunan a yau iri biyu ne. Akwai wanda maƙeri ke haɗa ƙarfe iri biyu, ya gasa, ya daka, ya naɗe, ya sake dakawa, har su zama hawa-hawa. Wannan aiki ne na gaske, kuma yana da tsada. Akwai kuma wanda ake ɗauko ƙarfe mai arha a zana masa hoton a fuska kawai. Gane su ba wuya. A juya wuƙar a dubi gadon bayanta: in zanen na cikin ƙarfe ne, za a ga layukan sun ratsa ta can ma. Muka juya ta tsakiyar nan, bayanta sumul kamar cokali. Dattijon mahauci ya goga ta a dutsensa sau biyar ko shida, ya gwada a gashin hannunsa, ya miƙa wa yaron ba tare da ya ce uffan ba.

Sauran ba za mu ɓata tawada a kansu ba. Akwai lanƙwasasshiyar nan ta mutanen Nefal, wadda a ƙasarsu adda ce ta aikin gona da daji, a nan kuwa an ƙanƙanta ta ta zama abin wasa. Akwai kwaikwayon janbiya ta Yaman da ƙotar roba. Gara ma robar, tunda neman ƙahon karkanda don yin ƙotar ta ainihi yana cikin abin da ya kusa ƙarar da dabbar a Afirka. Ragowar kuwa baƙaƙe ne masu haƙora kamar zarto, masu tsalle su buɗe da an danna maɓalli, irin na finafinai. Muka tambayi yaron aikin da ake yi da su. Ya yi dariya ya ce, "Malam, burgewa ce kawai."

Babban abin da ya dame mu shi ne wadda babu a cikin gilashin. Wuƙa goma sha biyu, an ce su ne na dole, amma ba ko ɗaya da za ta yanka rago yadda shari'a ta ce. Mu da ake kira yankan ragon suna da na layya mun san abin da muke gani. Bara wani maigida ya miƙo mana wata ƙyalƙyalalliya sabuwa fil daga kwali, ya ce musamman ya saya don ranar. Da muka gwada ta a takarda sai ta yage ta maimakon ta yanka. Allah Ya sa tamu na cikin jaka. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san yanka shi ne a katse maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, kuma wanda ya ɗage hannu kafin ya gama sannan ya dawo ya ƙarasa, naman bai ciwuwa. Me ke sa mutum ɗage hannu? Dakusasshiyar wuƙa, ko gajera, ko mai haƙora da ke sarƙewa a gashi, ko mai naɗewa da ke lanƙwashewa a tsakiyar aiki. Hadisi na goma sha bakwai a Arba'una, wanda yaranmu ke haddacewa a Islamiyya, umarni ne a wasa wuƙa a hutar da dabba. Ashe kaifi a nan ibada ne, kuma ragon da aka yi wata shida ana tara kuɗinsa zai iya zama mushe saboda wuƙar ado.

Wuƙar yanka ta kirki ba ta da wani kyan gani. Doguwa ce, miƙaƙƙiya, tsawonta ya fi faɗin wuyan dabbar, ƙotarta ba ta santsi in jini ya taɓa ta. Maƙeranmu na yin ta da ƙarfen sifirin na tsohuwar mota. Baƙin ƙarfe ne, yana tsatsa in an bar shi da danshi, balle a daminar Ibadan, amma yana ɗaukar kaifi da sauri a dutse, abin da ya sa mahauta ba sa rabuwa da shi. A wanke, a goge, a shafa ɗan mai, a mayar kube, shi ke nan. Bayan ita sai gajeriyar wuƙar fiɗa mai ɗan ciki, wadda ba ta huda fata, sai siririyar da masu tsire da kilishi ke fere nama da ita. Wanda ke son tarin abin tarihi kuwa, me ya kai shi Nefal? Ga askar wanzami a zabira, ga wuƙar damtse ta Buzaye da kubenta na aikin dukawa, wadda ake zura hannu a madaukinta. Tsofaffin da suka iya ƙera waɗannan suna ƙarewa, ba mu ga mai tara aikinsu ba.

Sai maganar da iyayen nan suka zo da ita, kuma suna da gaskiya a rabinta. Samarin da ke sayen baƙaƙen wuƙaƙen ba a ɗaki suke ajiyewa ba. Mun ga mai acaba da ita a ƙugu, mun ga wanda ya fito da ita a majalisa yana wasa da ita a fuskar abokinsa. Annabi (SAW) ya hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, ya kuma umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu. Ban da wannan, mu tuna inda muke zaune. Sabo ta haura shekara ɗari a garin nan, tun 1916, amma har gobe in ɗanmu ɗaya ya yi laifi ba a cewa wane ne, cewa ake Bahaushe ne. Ba mu manta Shagamu a 1999 ba, ba mu manta Sabon Ile-Ife a 2017 ba. Na Shasha a Fabrairun 2021 kuwa a gabanmu aka yi: saɓani ne tsakanin mutum biyu a kasuwa, kafin a ankara an rasa rayuka, rumfuna da gidaje sun ƙone, mutanenmu da yawa sun kwashe iyali sun yi Arewa. Cacar baki a kan canjin naira ɗari tana ƙarewa da zagi in hannu wofi ne. In akwai wuƙa a ƙugu, unguwa ce gaba ɗaya za ta biya.

Mun faɗa wa yaron duk wannan a gaban mahaifinsa. Bai ji daɗin maganar ta Dimashƙa ba, don shi ma a matsayin ta gaske aka sayar masa a Legas, kuma jarinsa ne a ciki. Ya yarda zai daina kiran ta da wannan suna, ya kuma janye masu maɓallin nan huɗu daga tebur. Kan takardar da ya manna ne muka rabu ba mu daidaita ba, shi yana ganin ita ke jawo masa ciniki. Dattijon mahauci ya yi alkawarin haɗa shi da maƙerin da ke yi masa wuƙaƙe, ko zai sa na yanka da na fiɗa a gilashin kafin babbar Sallah. Mu kuma, in Allah Ya kai mu, za mu ajiye dutsen wasa wuƙa a ƙofar masallaci tun daga ɗaya ga watan Zulhajji, bayan La'asar. Duk mai niyyar yanka da hannunsa ya kawo tasa a naɗe cikin tsumma, mu duba ta tare.