Jinjina ga Masu Dakon Manyan Tankokin Ruwa

Daga tashar jiragen ruwa ta Apapa zuwa Bauchi, tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma direban tirelar da ya ɗauko ƙaton tankin masana'anta ba ya yin ta da gaggawa. Tankin ya fi motar faɗi, kowace kwana sai an auna ta. Yaron mota kan sauka ya ƙara ɗaure sarƙoƙi, ya hango tsayin gada da wayoyin lantarki. A Hawan Kibo kuwa, kafin Jos, giya ɗaya ake bi, baki ɗauke da addu'a. Sukan kwana a gefen titi, iyali na nesa. Ba dominsu ba, da masana'antu da yawa sun tsaya don rashin ma'ajiyar ruwa. Direbobi, Allah Ya mai da ku gida lafiya.