Bin Na Gaba Bin Allah? Sharhi a Kan Babin Horo a Littafin Barbara Cooper

Littafin Barbara Cooper mai suna Evangelical Christians in the Muslim Sahel, wanda Maɗaba'ar Jami'ar Indiana ta fitar a 2006, ya buɗe ne da tarzomar Maraɗi ta watan Nuwamban 2000, lokacin da masu adawa da bikin nunin tufafi na FIMA suka far wa mashaya da majami'u. Wannan babi shi ya fi jan hankalin masu karatu. Sai dai babi na shida, wanda ya bibiyi yadda mishan ɗin SIM ta tsara dattijantaka da aure da "aikin Allah" tsakanin 1933 da 1955, shi ne ya taɓo tambayar da ta fi nauyi ga ikkilisiyar Hausawa: wa mai bi yake yi wa biyayya, Allah ko wanda ya tsaya a gabansa da sunan Allah?

Fagen labarin shi ne Tsibiri, mazaunin Sarkin Gobir kusa da Maraɗi, inda SIM ta kafu bayan ta fara aiki a Zinder a 1924. Abin lura ne cewa garin kansa na waɗanda suka ƙi miƙa wuya ga Sakkwato ne bayan jihadi, don haka mutanensa ba baƙin gardama ba ne a kan wanda ya cancanci a bi. Cooper ta nuna da kyau yadda horon ikkilisiya ya fi sauka a kan aure. Mai mace fiye da ɗaya ba shi da rabo a dattijantaka, alhali a idon gari yawan iyali shi ne alamar cikar mutum. Ta haka aka samu dattijo iri biyu, wanda gari ya sani da wanda mishan ta yarda da shi. Ƙarfin babin yana cikin haƙurin da marubuciyar ta yi wajen haɗa takardun mishan da hirarrakin da ta yi da mutanen yankin, har muryar waɗanda aka hora ta fito, ba ta masu horon kaɗai ba.

Inda babin ya bar mai karatu Bahaushe da ƙishirwa shi ne a kan ma'anar biyayyar kanta. Kiristocin Hausa suna kiran kansu masu bi, kuma daga wannan aikatau na "bi" aka samu "biyayya". Kalmar ba ta iso majami'a fanko ba. Ta zo ɗauke da ladabin talaka a fada, da durƙuson almajiri gaban malami, da karin maganar nan cewa bin na gaba bin Allah ne. 'Yan mishan kuwa sun zo da koyarwar da ta ƙi yarda da wani matsakanci tsakanin mutum da Mahaliccinsa in ban da Almasihu, amma sai ga su sun zama na gaba, masu iko da albashi da magani da makaranta, kuma masu babbar murya a kan wanda zai ci Jibin Ubangiji. Wanda aka sa a ƙarƙashin horo, idan ma'aikacin mishan ne, ba kujerarsa a majami'a kaɗai ke cikin haɗari ba, har da tuwon gidansa. A irin wannan hali da wuya a rarrabe tuba daga tsoro.

Cooper ta karanta wannan rikici galibi da ma'aunin iko da jinsi, kuma ma'aunin ya yi aiki. Amma bai isa ya bayyana mutumin da ya ƙi umarnin Bature yana mai imanin cewa ƙin nan nasa shi ne biyayya ba. Tun 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki yana hannun masu karatun Hausa, kuma a cikinsa akwai sura ta 13 ta Ibraniyawa da ke ɗaukaka matsayin shugabanni, akwai kuma sura ta 5 ta Ayyukan Manzanni inda manzanni suka fifita umarnin Allah a kan na majalisa. Dattijon da ya iya karatu yana da hujja a kowane ɓangare. Da babin ya tsaya a kan yadda masu bi na Tsibiri suka auna waɗannan surori biyu da ma'aunin harshensu, da sun bayyana a matsayin masu tafsiri, ba waɗanda ake hora ko masu bijirewa kawai ba.

Cooper ta ware babi na huɗu ga kalmomin addini na Hausa da yadda masu fassara suka yi fama da su, amma zaren bai ratsa zuwa babi na shida yadda ya kamata ba. Wannan aiki yana jiran manazarcin da zai zauna da littafin waƙoƙin majami'a da wa'azin fastoci na Maraɗi da Galmi da Wusasa, ya bi kalmar biyayya wuri-wuri, ya ga sau nawa take nufin Allah, sau nawa kuma take nufin mai riƙe da makullin ofis.